Waiwaye: Yadda Fataken Tamil Suka Kafa Zango a Bama Tun Kafin Zuwan Turawa

Duk lokacin da maganar 'yan asalin Indiya mazauna Myanmar (Bama) ta taso, mutane kan rabu gida biyu. Wasu na cewa baƙi ne da jiragen Turawan Ingila suka kwaso a ƙarni na 19, suna kafa hujja da dokar zama ɗan ƙasa ta 1982, wadda ta ɗauki shekarar 1823 a matsayin iyaka tsakanin ɗan gida da baƙo. A ɗaya ɓangaren kuma, a shafukan sada zumunta ana yawo da taswirori masu nuna cewa daular Chola ta Tamilawan kudancin Indiya ta shimfiɗa mulkinta har cikin Bama shekara dubu da suka wuce. Duka biyun sun kauce hanya. Alaƙar Tamilawa da Bama ta girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba, amma ba da takobi aka ƙulla ta ba.

Farkon labarin sananne ne. Haruffan da ƙabilar Mon ta kudancin Bama ke rubutu da su sun samo asali ne daga rubutun kudancin Indiya. A 1025 sarkin Chola, Rajendra na ɗaya, ya tura rundunar ruwa ta afka wa daular Srivijaya da ke riƙe da mashigin Malaka. Rubutun da ke jikin babban haikalin Thanjavur da ke ƙasar Chola ya jero garuruwan da aka ci, ciki har da wani mai suna Mappappalam, wanda wasu masana ke ganin a gaɓar kudancin Bama yake. A kan wannan suna guda aka gina dukan taswirorin nan. Ko da an yarda a Bama garin yake, hari ne na a kwashi ganima a juya. Ba a naɗa hakimi ba, ba a bar barikin soja ba, babu kuma wani rubutun Bama da ya ambaci biyan haraji ga Chola.

Hasali ma, karon farko da siyasar ƙasashen biyu ta haɗu, gefe daban-daban suka tsaya. Anawrahta, wanda ya hau gadon daular Bagan ta tsakiyar Bama a 1044, shi ne ya haɗe kudancin Bama da tsakiyarta. A lokacin Chola na mamaye da arewacin Sri Lanka, kuma sarkin Sri Lanka Vijayabahu na ɗaya na fafutikar korar su. Tarihin sarakunan Sri Lanka, Culavamsa, ya ce ya nemi agaji daga Bama, aka aiko masa da jirage cike da kaya masu tsada irin su kafur da sandal. Dukiya aka aiko, ba mayaƙa ba. A 1070 Chola suka fice daga tsibirin.

Wannan shekara ta 1070 ita ce mararrabar da ake yawan tsallakewa, domin babu wani gagarumin yaƙin teku a bayanta da za a yi wa kirari. A shekarar ce Kulottunga na ɗaya ya hau mulkin Chola, ya kuma daɗe har kusan shekara hamsin. Bai koma ƙwato Sri Lanka ba. Laƙabin da Tamilawa suka fi tuna shi da shi shi ne sarkin da ya soke kuɗin fito. A 1077 tawagar Chola ta isa fadar Sin. A wajen 1090 ya sabunta kyautar ƙauyukan da aka ba gidan ibadar Buda na Nagapattinam da ke gaɓar Tamil, bayan jakadun sarkin Kedah, da ke Malesiya ta yau, sun roƙa, alhali shi mai bautar Shiva ne, kuma Kedah na cikin garuruwan da kakansa Rajendra ya kai wa hari. A 1088 kuwa, a Barus da ke gaɓar Sumatra, wata ƙungiyar fataken Tamil ta sassaƙa wa kanta rubutu a dutse tana ƙayyade kuɗin da masu jirage za su biya. Wato fada ta janye hannu daga teku, fatake suka cike gurbin.

A Bagan ma sarauta ta sauya hannu. Kyanzittha ya hau a 1084, kuma ya bar wani rubutu da harshen Mon a haikalin Shwesandaw na garin Pyay. A ciki ya ce ya rubuta wa wani basaraken Chola wasiƙa da jan tawada a kan fallen zinariya, yana bayyana masa falalar addinin Buda. Basaraken, in ji rubutun, ya watsar da tsohuwar aƙidarsa, ya aiko da lu'ulu'u da kyaututtuka har da 'yarsa budurwa. Babu rubutun Tamil da ya gaskata batun sauya addinin, kuma sarakunan wancan zamani ba sa rowar yabon kai. Amma a tace kurin a dubi abin da ya rage: wasiƙa, kyauta, aure. Shekara ashirin da 'yan kai bayan Bagan ta taimaki abokin gabar Chola, ga shi ana maganar surukuta. Ana iya hasashen abin da ya sa. Bagan ta samu tashoshin ruwan kudu, tana bukatar masu saye, su kuma Tamilawa na bukatar mashiga wadda ba ta hannun Srivijaya.

Har fadar Sin ta lura da yadda ma'auni ya sauya. Da jakadun Bagan suka isa can a 1106, an fara shirin karɓarsu kamar yadda ake karɓar na Chola, sai masu tsara al'adun fada suka ce Bagan babbar daula ce, a ba ta martaba daidai da ta Larabawa. Daular da ake yi wa wannan ba 'yar amshin shatan Chola ba ce.

Me ya sa cinikin ya haifar da zama, ba zuwa da komawa kawai ba? Iska ce. Tsakanin gaɓar Tamil da bakin kogin Irrawaddy akwai fiye da kilomita 1,500 na buɗaɗɗen teku. Jirgin filafilai na bukatar iskar kudu maso yamma ta tura shi gabas, amma a tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Agusta, guguwa ta yi yawa. Don haka sai a jira ƙarshenta, a tashi a farkon Satumba. In aka makara da 'yan kwanaki iska ta juya, jirgin zai dawo da kayansa, an yi asarar shekara. Wanda ya isa lafiya kuwa ba zai koma ba sai iskar arewa maso gabas ta kankama wajen Disamba zuwa Janairu. Ga kuma tafiyar kwale-kwale daga tashar ruwan Pathein ta kudancin Bama zuwa Bagan, ana haurawa kogi. Duk mai irin wannan fatauci dole ya sami masauki, ma'ajiya, amintaccen wakili da zai karɓi bashi bayan ya tafi, da wurin ibada. Haka dai fataken goro suka kafa zango a Salaga. Kayan da ake kawowa galibi tufafin auduga ne na gaɓar Koromandel ta kudu maso gabashin Indiya, a koma da giwaye, yaƙutu da katako, ana auna azurfa a sikeli a matsayin kuɗi.

Shaidar zangon tana nan. A Myinkaba, kudu kaɗan da ganuwar Bagan, an sami dutse mai rubutun Tamil wanda salon haruffansa ke nuna ƙarni na 13, aka buga fassararsa a farkon ƙarni na 20. Ya buɗe da baitin Sanskrit na yabon Vishnu, sannan ya ce wani mai suna Kulasekhara Nambi, mutumin Magodayarpattanam da ke gaɓar Kerala ta yau, ya gina rumfa, ya sa ƙofa, ya kuma ba da fitila wadda za ta riƙa ci ba mutuwa a haikalin Nanadesi Vinnagar. Nanadesi sunan ƙungiyar fatake ne masu ratsa ƙasashe. A lura da abu biyu. Haikalin ya riga mai kyautar, ƙari kawai ya yi masa. Sannan fitilar da ba ta mutuwa na nufin akwai mai zuba mata mai kullum, akwai kuma jama'a zaunannu da za su kula. Babu sunan sarkin Chola ko ɗaya a jikin dutsen.

Giwa ita ce hajar da ta fi tayar da ƙura. A wajen 1164 sarkin Sri Lanka Parakramabahu ya kai wa kudancin Bama hari, kuma cikin dalilan da Culavamsa ya kawo akwai cewa giwar da ake sayarwa azurfa ɗari ko dubu an mayar da ita dubu biyu zuwa uku. Jirage biyar suka sauka a Pathein. Malaman addinin Buda ne suka sasanta. Su ma malaman giwa ta raba kansu. Rubutun Kalyani na Bago ya ce cikin malamai huɗu da suka raka wani malamin Bama mai suna Chapata daga Sri Lanka zuwa Bagan a ƙarshen ƙarni na 12 akwai Ananda, mutumin Kanchipuram ta ƙasar Tamil. Da sarki ya ba manyan malaman kyautar giwa ɗai-ɗai, sauran suka saki nasu a daji, shi kuwa Ananda ya loda tasa a jirgi daga Pathein zuwa ga danginsa a Kanchipuram. Abokansa suka ga bai kyauta wa dabbar ba, ƙungiyar ta dare. A iya loda giwa a jirgi don kyauta kawai, ai hanyar ta zama ta yau da kullum.

Daular Chola ta shuɗe a 1279, Bagan ta durƙushe bayan hare-haren Mongol na 1277 zuwa 1287, amma jiragen tufafi suka ci gaba da zuwa Bago da Martaban ɗaruruwan shekaru. Abin da ƙarni na 19 ya kawo daban ne: jirgin tururi wanda ba ruwansa da iska, da buɗe fadamun Irrawaddy ga noman shinkafar sayarwa. Ƙidayar 1931 ta sami Indiyawa sama da miliyan ɗaya a Bama. Fataken da can ba gona suka zo nema ba. A wannan karon kuwa noma ya dogara da bashi, bashi ya dogara da jinginar gona, kuma da farashin shinkafa ya karye a 1930, kusan rubu'in gonakin manyan gundumomin shinkafa na kudu ya koma hannun 'yan kasuwar Chettiar, Tamilawa masu ba da rance. A cikin wannan yanayi aka yi tarzomar ƙin jinin Indiyawa ta Rangun a 1930 da 1938, sannan a 1942, da Japan ta mamaye Bama, Indiyawa kusan rabin miliyan suka yi gudun hijira.