Waiwaye: Ruwan Telwa da Tsoron Dare a Ƙasar Abzin

A ƙasar Abzin ruwa kan ci gidan mutum alhali ɗigo ɗaya bai taɓa rufinsa ba. Hadari ya haɗu can kan duwatsu, sama da Dabaga, ya sauke abin da ya ɗauko cikin awa biyu ko uku. Dutse ba ya shan ruwa, don haka duk abin da ya zuba sai ya gangaro ƙananan kwaruruka, su kuma su juye shi cikin Telwa, babban kwarin da ke bi ta arewacin Agadez kafin ya bazu a filin Irhazer. Galibin watannin shekara Telwa rairayi ne, yara na wasa a cikinsa, raƙuma na ratsa shi. Ranar da ya kawo, sai ya zo da itace da duwatsu da gawar dabbobi, da ƙara irin ta manyan motoci. Ruwan da Agadez ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, abin da Kano kan samu cikin kusan mako biyu a watan Agusta. Matsalar ita ce a dunƙule yake zuwa.

Mutanen Abzin ba sa ƙin zuwan Telwa. Addu'a suke yi ya kawo. Shi ke cika rijiyoyin lambu, kuma albasar Tabelot da lemun Timia da dankalin turawan da ake lodawa zuwa kudu duk a kan ruwan kwaruruka irin wannan suke rayuwa. Magabata sun san iyakarsa. Tsohon garin Agadez, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 da aka fara ginawa a ƙarni na 16, bai zauna cikin hanyar ruwa ba, kuma kowace shekara kafin damina ana sabunta yaɓe, a gyara indararo, a duba azara. Makiyayi kuwa ba ya kafa bukka cikin kwari ko da sama fes take, domin ya san ruwan da zai kashe shi ba a kansa zai zuba ba.

Abin da ya fara karya wannan tsari fari ne. Farin 1973 zuwa 1974, sannan na 1984 zuwa 1985, sun ƙarar da dukiyar makiyaya, Buzaye da Fulani. Wanda ya wayi gari ba raƙumi ba akuya sai ya nufo gari, inda ake rabon tsaba. Baƙo marar kuɗi ba ya samun fili a kan tudu. Inda ba mai so, nan yake sauka: bakin kwari, gangare, tsohuwar hanyar ruwa da shekarun fari suka sa aka manta cewa hanya ce. A ƙidayar 1977 Agadez ba ta wuce mutum dubu 20 da 'yan kai ba. A ta 2012 ta haura dubu 110. Garin ya ninka sau biyar cikin shekara 35, magudanan ruwa kuwa ba su bi shi ba. Samarin da farin ya raba da kiwo, da yawansu sun wuce Libiya da Aljeriya neman abin kai, wasu suka koyi riƙon bindiga a can, kuma daga cikinsu aka sami mayaƙan tawayen Buzaye na farko, wanda ya ƙare da yarjejeniyar Afrilun 1995.

Bayan sulhun an ɗan sarara. Turawa masu yawon buɗe ido suna sauka a filin jirgin Agadez, ana kai su hamadar Tenere da duwatsun Abzin. Direba ya samu, mai dafa abinci ya samu, maƙerin azurfa da baduku sun samu. Sai ga tawaye na biyu a Fabrairun 2007, lokacin da ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta kai hari garin Iferouane. Aka dasa nakiyoyi a hanyoyi, gwamnatin Tandja Mamadou ta sa jihar Agadez cikin dokar tsaro ta musamman, mutanen Iferouane suka watse zuwa Arlit da Agadez, baƙi suka ɗauke ƙafa.

Ana cikin wannan hali ne, a farkon Satumban 2009, Telwa ya yi zuwan da har yau ake kwatance da shi. Ruwa ya fasa madatsar da ke kare gari, ya shiga unguwanni, ya rusa dubban gidaje, ya share lambuna a Dabaga da Tabelot da Tchirozerine, ya binne rijiyoyi da yashi, ya tafi da dabbobi. Dubun-dubatar mutane abin ya shafa. A wannan makon ne ma ruwa ya mamaye Wagadugu, hankalin duniya ya fi karkata can. Ƙauyukan cikin duwatsu kuwa, ga hanya ta yanke, ga tsoron nakiya, agaji bai kai musu da wuri ba. Shekara uku kafin nan, a Agustan 2006, Bilma ta ga nata: garin da kan shekara bai ga ruwan kirki ba, wanda gidajensa na ƙasa mai gishiri ne, ruwan 'yan kwanaki ya narkar da ɗaruruwansu.

A nan ne zancen ruwa ke haɗuwa da zancen sata, kuma haɗuwar ba ta da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa kwana a gidan ƙasa. A irin waɗannan garuruwa katanga ita ce makulli. Dukiyar talaka ba a banki take ba: awaki ne a tsakar gida, buhun gero a ɗaki, babur a zaure, injin ban-ruwa a lambu, faifan sola a kan rufi, kayan ɗakin amarya. Daren da katanga ta faɗi, duk wannan ya koma bakin titi. Hukuma ta ce a kwashe mutane zuwa ajin makaranta, mata da yara su tafi, maigida ya ce shi ba inda za shi, ya shimfiɗa tabarma a gindin bangon da ya jiƙe yana gadin abin da ya rage. Ana yawan kiran wannan taurin kai. Ni ban ga taurin kai a ciki ba. Mutum ne da ya auna hatsari biyu, ya ga ɗaya ƙila ya zo, ɗayan kuwa ya tabbata zai zo idan ya bar gidan ba kowa. Kuma a ƙauyen da jandarma mafi kusa ke nesa da tafiyar rabin yini, ranar da kwari ya kawo ba motar da za ta ƙetare, ko ta agaji ko ta tsaro.

Ruwa dai ba ya haifar da ɓarawo. Ƙofa yake buɗe masa. Shi ɓarawon, tarihinsa daban ne, kuma tarihi ne na sana'o'in da aka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Bayan tawaye, sace ma'aikatan kamfanin uranium a Arlit a Satumban 2010 ya binne yawon buɗe ido gaba ɗaya. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta koro 'yan ci-rani gida hannu rabbana, ta kuma cika sahara da makamai masu araha. A Mayun 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake barikin soja na Agadez da ma'adinin Arlit rana guda. Direbobin da a da suke ɗaukar Turawa sai suka koma ɗaukar masu tafiya Libiya. Kowace Litinin ayarin Hilux na tashi zuwa Dirkou, gari kuma na ci daga gare shi, tun daga mai gidan saukar baƙi har mai sayar da jarka da mai ɗinka rawani. A 2014 aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten, samari suka kwarara can.

Sai aka rufe biyun kusan lokaci guda. Dokar 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure, an fara aiki da ita gadan-gadan a 2016 bisa matsin Tarayyar Turai. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci suka yi ta ruɓewa a hannun hukuma. A 2017 gwamnati ta rufe Djado. An yi alkawarin ba tsofaffin masu safarar jari su canza sana'a, dubbai suka rubuta suna, kaɗan ƙwarai suka ga kuɗin. Ga mutum ya san kowace rijiya tsakanin Agadez da iyakar Libiya, ya san tuƙi cikin rairayi da dare ba fitila, an ce masa ya zauna. Wasu sun zauna ɗin, suna shan shayi a fada. Wasu suka koma sabbin hanyoyi na ɓoye, inda mota in ta lalace sai dai a tsinci gawarwaki. Wasu kuma suka shiga safarar tramadol ko tare hanya, musamman hanyoyin da masu zinariya ke bi. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ɗora wa ɗan'uwansa bindiga. Amma duk bayanin da ya tsallake waɗannan shekaru ya tafi kai tsaye ga zargin baƙi, ko zargin wata ƙabila, bayani ne na ragwanci, kuma yana da haɗari a garin da Buzu da Bahaushe da Tubawa da Larabawa da Fulani ke cin kasuwa ɗaya.

A da, idan aka yi sata a unguwa, mai unguwa ake fara gaya wa, magana ta kai fadar Sarkin Abzin in ta yi girma, kuma a ƙauye mai bin sawu kan iya bin ɓarawon raƙumi kwana da kwanaki. Wannan tsari yana aiki ne inda kowa ya san kowa. Unguwar da ta tsiro cikin shekara goma, rabin mazaunanta 'yan haya ne masu jiran mota, ba ta da wannan ido. Kuma abin takaici, sau da yawa irin waɗannan unguwanni su ne dai na gangare, marasa fitilar titi, marasa magudana. Gidan da ruwa ya fi saurin ci shi ne wanda ɓarawo ya fi saurin shiga, amma a ofis maganar biyu ba sa haɗuwa: ambaliya ta ma'aikatar agaji ce, sata ta 'yan sanda ce, rabon filaye na magajin gari ne.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar 2015-36 a watan Nuwamba, ayarin Libiya ya dawo fili. A 2024 aka yi daminar da Nijar ta daɗe ba ta ga irinta ba. Fiye da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasar, fiye da miliyan ɗaya suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe a farkon Satumba, aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba domin azuzuwa cike suke da waɗanda gidajensu suka faɗi. Tsohon garin Agadez, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, shi ma gidajensa sun ji jiki. A Maiduguri, cikin wannan Satumban, ruwan madatsar Alau ya rusa katangar gidan yari, fursunoni fiye da 270 suka fice.

Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 2025, 'yan bindiga suka shiga wani gida cikin garin Agadez suka ɗauke wata 'yar ƙasar Ostiriya da ta shekara fiye da ashirin tana zaune a can. A Afrilu aka maimaita da wata 'yar Suwizalan, ita ma daga gidanta. Waɗannan labaran sun kai kafofin duniya saboda Turawa ne. Mai lambun da aka ɗauke wa injin ban-ruwa bayan ya gama haƙe yashin da Telwa ya zuba masa a rijiya, nasa labarin iyakarsa majalisar ƙofar gida, kuma bashin injin yana nan a kansa har albasa ta nuna.