Waiwaye a Kan Ganuwar Kano da Yunƙurin Adana Ta

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya aza harsashin ganuwar Kano, aka kammala zagayen farko a ƙarni na 14, sannan Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Da tubalin ƙasa aka gina ta, kuma da yawa daga kududdufan birni ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Shi ya sa a da, idan damina ta wuce, ake tara jama'a aikin gayya, magina su toshe inda ruwa ya zaizaye, su cike tsagewa tun ba ta buɗe ba. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, ganuwa ta daina zama garkuwar yaƙi, wannan kulawa ta shekara-shekara ta yi rauni, kuma a ganina daga nan ne lalacewar ta samo asali, tun kafin a fara yankan filaye a jikin badala ko ɗibar ƙasarta.

Aikin rubuta bayananta ya riga aikin gyara na zamani. Matafiya irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1851 sun kwatanta ta, amma awo na tsanaki sai a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da Zbigniew Dmochowski, masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya bi gine-ginen gargajiya na Nijeriya yana aunawa yana zanawa. Daga aikinsa aka gina kwatankwacin wani sashe na ganuwar a gidan tarihi na Jos. A 2007 aka sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Abin da ya fi damuna shi ne, an auna tsawo da kauri, amma ba a ba ilimin magina muhimmancin da ya dace ba: yadda ake cuɗa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana, yadda ake jera tubali mai tsini kai sama, da yadda ake haɗa makuba daga ɓawon ɗorawa domin ruwa ya zame. An sake gina wasu ƙofofi da siminti domin faɗaɗa titi, yayin da dogayen sassa na badalar suka koma tudun ƙasa da yara ke hawa.