Bayan Ka Miƙa Takardar Saki, Me Ya Rage A Wuyanka?

Wani maƙwabcina a nan cikin garin Bauchi ya yagi falle ɗaya daga littafin makarantar ɗansa, ya rubuta layi guda, ya ɗora wa matarsa a kan murfin tukunya, ya fice. Saki uku ya rubuta. Kafin la'asar ɗin washegari ya zagaya wurin malamai huɗu yana neman wanda zai ce masa ɗaya ne. Ranar na ga magidanci mai 'ya'ya biyar yana share hawaye da hannun riga. Tun daga lokacin nake ganin wajibi ne mu maza mu san hukuncin nan tun zuciya tana kwance.

Kotunan Shari'a na jihar Bauchi suna hukunci kan aure da sakin Musulmi bisa mazhabar Malikiyya, da littattafai irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfa. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi kan aure da mutuwarsa da riƙon yara. Ke nan abin da alƙali ya yanke yana da ƙarfin doka, ba nasiha ce kawai ba.

Sakin sunna shi ne ka yi guda ɗaya, tana cikin tsarkin da ba ka kusance ta a cikinsa ba. Idan ka sake ta tana al'ada, sakin ya auku, an cire igiya ɗaya, kuma za a tilasta ka ka mayar da ita. Fushi ba ya kare ka muddin ka san abin da bakinka ke faɗa, haka ma wasa. Uku a kalma ɗaya kuwa, akwai malaman da ke ƙirga shi ɗaya, amma mazhabar da alƙali ke hukunci da ita uku take ƙirgawa. Ba damar kome, wato mayar da ita, sai ta auri wani aure na gaskiya, ya tare da ita, ya rabu da ita don kansa. Auren kisan wuta ba ya halatta ta.

Inda muka fi yin ɓarna shi ne idda. Da an miƙa takarda sai ka ji "kwashe kayanki ki tafi gidanku", a kira mai Keke Napep, a loda akwati da yara suna kuka. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana wannan ƙarara: ba a fitar da ita daga ɗakinta. Iddarta tsarki uku ce, ko wata 3 ga wadda ba ta al'ada, mai ciki kuma sai ta haihu. A saki ɗaya ko biyu, duk tsawon wannan lokaci cinta da suturarta da muhallinta suna kanka. Kana iya yin kome ba sabon sadaki, ba ɗaurin aure, sai dai yana da kyau ka kafa shaidu. In ɗayanku ya rasu a ciki, ɗayan zai ci gadonsa. Da idda ta cika ta mallaki kanta, sai da yardarta da waliyyinta da sabon sadaki. Wadda aka yi wa saki na uku tana da muhalli har ta gama idda, in tana da ciki har da ciyarwa.

Ni a ganina korar nan ita ke kashe auren da zai iya tashi. Matar da ke ɗakinta kuna haɗuwa a tsakar gida, zuciya tana iya sanyi cikin sati biyu. Wadda aka kai gaban iyayenta da kaya niƙi-niƙi, maganar ta zama ta dangi biyu, biko kuma ya yi wuya.

Sadaki nata ne, abin da ya rage ba ka biya ba bashi ne a kanka. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata ba su shiga lissafinka.

Sai maganar yara, wadda ta fi kai maza gaban alƙali. "Ai 'ya'yana ne, da an yaye zan karɓe." Naka ne, sunanka suke amsawa, kai ne waliyyinsu, karatunsu da aurar da su suna hannunka. Amma riƙo a Malikiyya na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta auri wani bare ya tare da ita, riƙon ya kan koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin layi ya iso dangin uba. In ka kawo hujjar cewa yaro yana cutuwa a hannun mai riƙon, alƙali zai duba sauya shi. Duk inda suke, ciyarwa da sutura da magani kai ne, gwargwadon samunka. Wanda ya ce ba zai ba da ko sisi ba sai an kawo masa yaransa, sammaci yake jawo wa kansa, kuma yunwar a cikin ɗansa take.

Idan ita ce ta nemi rabuwa ba tare da laifinka ba, khul'i ne: ta fanshi kanta da abin da kuka daidaita, galibi sadaki, kuma ba ka da ikon kome. Amma in ta tabbatar wa kotu da duka ko rashin ciyarwa ko wata cuta, alƙali zai raba auren ba ta biya komai ba. Wanda ya ƙuntata mata da gangan don ta fanshi kanta, in aka gano, zai mayar da abin da ya karɓa.

Masu auren rajista, kamar 'yan'uwanmu Kiristoci da yawa a Tafawa Balewa da Bogoro, dokarsu daban ce, ta shekarar 1970. Babbar Kotu kaɗai ke raba irin wannan aure, bayan an nuna ya lalace ba gyara, kuma galibi ba a shigar da ƙara kafin ya shekara 2 sai da izinin kotu.

Maƙwabcin nawa, matar tana gidan iyayenta da ƙananan ukun. Duk ƙarshen wata yakan ɗaura buhun masara a bayan babur ya kai, ya tsaya a zaure a turo masa yaran su gaisa.