Gaɓar ƙarfe a wuyan hannu: daga ina maganar ta taso?

Tun da wani likita a Jidda ya shawarci wani ɗan'uwanmu mai tura keken alhazai a Harami da a sanya masa gaɓar ƙarfe a wuyan hannu, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Shara Mansur a Makka. Wasu sun ce sabon salon cin kuɗi ne. Alhali maganar yi wa wannan gaɓa aiki ta haura shekara ɗari.

Ƙashi biyu ne tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. In ka juya tafi za ka karɓi canji, na wajen babban yatsa ne ke kewaya kan ɗaya ƙashin, ƙullutun nan da ke tokare agogo. Karayar da ta warke a karkace, ko amosanin gaɓɓai, su ke lalata wurin. A 1912 Darrach a Amurka ya bayyana aikin yanke ƙullutun, a 1936 Sauvé da Kapandji a Faransa suka zo da nasu salon. Ga dattijon da ya huta da aikin ƙarfi, yankan yakan wadatar har gobe. Hular silikon da aka riƙa sanya wa guntun ƙashin a shekarun 1970 kuwa ba ta yi ƙarko ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne na 1997. A da, hannu a sake ake ɗaukar hoton ƙashi, ba ya riƙe da komai. Matashi ya dawo bayan yanka yana kukan ko buta ba ya iya ɗagawa, a duba hoto a ga lafiya lau. Sai likitoci biyu, Lees da Scheker, suka miƙa wa majinyaci nauyin kilo biyu da ɗoriya ya riƙe, sannan aka ɗauka. Nan hoto ya tona asiri: ƙashin da ke ɗauke da tafi ya zube kan guntun ɗan'uwansa yana gugarsa. Ashe ƙullutun da aka raina ginshiƙi ne, a kansa kaya ke sauka. A ganina matsalar a nan take, an daɗe ana auna hannu yana hutu, shi kuwa talaka da hannu mai aiki yake cin abinci.

Daga nan hankali ya ƙara karkata ga mayar da abin da aka cire. Gaɓar da Scheker ya ƙera, faranti da sandar ƙarfe da ƙwallon roba mai tauri a tsakani, ta sami izini a Amurka a 2005. Waɗanda aka sanya wa ita aka bi diddiginsu shekaru, galibi zafi ya ragu, riƙo ya ƙaru, gaɓar na nan daram. Amma komawa ɗakin tiyata ba baƙon abu ba ne, ko jijiya na gugar ƙarfe, ko ƙashi ya tsiro inda ba a so.

Sai a 2005 gaɓar ta shigo kasuwa, mai kekenmu kuwa ko arba'in bai kai ba. Da likita ya gama bayani, tambaya ɗaya ya yi: "Likita, to keken fa?"