"Rumbun bayanai ya cika": wane rumbun ake nufi?

Tun da aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN a Disamban 2020, "rumbun bayanai" ya shiga bakin jama'a. Mai gabatar da shiri a rediyo na faɗa, ɗan siyasa na alƙawarin gina wa matasa guda, sai ka ce ɗakin taro. In layi ya tsaya a shagon rajista a Samaru ko PZ, amsar ɗaya ce: "Malam, rumbun ne ya cika, a dawo gobe."

Kalmar rumbu ce ta jawo ruɗanin. Rumbun da muka sani a ƙauyukan Soba da Giwa, girmansa ya tsaya tun ranar da aka ɗora masa jinka. Sai aka ɗauka databes ma, wadda ake fassarawa da rumbun bayanai, mazubi ce mai baki da gindi. Alhali ita ce hatsin, haɗe da lissafin wane dami ne na wa. Mazubin kuwa faifan ajiya ne da ke cikin saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, kuma ko shi ba duka ake danƙa mata ba.

A Linux, manhajar da ke tafiyar da irin waɗannan injina, akwai tsarin da ake kira LVM, wanda Heinz Mauelshagen ya rubuta a 1998. Ana haɗe faifai biyu ko uku su zama fili guda, a yayyanka shi gutsi-gutsi, kowanne megabait 4 in ba a canza ba, sannan a ɗebo a ba kowane aiki rabonsa: na manhajar da ke tafiyar da injin daban, na databes daban, na rajistar abin da ke gudana daban. Wanda ya san aikinsa ba ya rabar da komai ranar farko, yakan ajiye wani kaso ba na kowa ba. Dalili kuwa, ƙari abu ne mai sauƙi, da umarnin lvextend ake yi, saba na aiki mutane na kan layi. Ragewa ce jidali. A ext4, ɗaya daga cikin tsare-tsaren jera fayil a faifai, sai an tsayar da amfani da sashen, takwaransa XFS kuwa an daɗe da sanin ba a yi shi don ya ragu ba. Don haka sau da yawa abin da ya cika rabon databes ne, faifan na nan da sauran wuri. Sai fa in wanda ya kafa injin ya cinye filin tun farko don ya huta da tunani, kuma irinsu ba su da wuyar samu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zaton sunayenmu ne ke cika wurin. Suna da ranar haihuwa nawa suke ci? Manhajar databes ta PostgreSQL tana rubuta kowane canji a wata rajista kafin ta aiwatar, fayil-fayil masu megabait 16. In kwashe su zuwa wurin adana ya tsaya, sai su yi ta taruwa babu mai lura, ranar da wurin ya ƙare ta kashe kanta don kada bayanai su lalace. Goge tsofaffin bayanai ma ba ya dawo da fili nan take. Masu amfani da MySQL, wata manhajar databes, sun san fayil ɗin ibdata1, yana kumbura amma ba ya sacewa.

Shi ext4 da kansa yana ɓoye kashi 5 cikin 100 don mai kula da injin ya samu wurin motsi in abu ya cuɗe. A faifan terabait ɗaya, wajen gigabait 50 ke nan, akwai masu ganin asara ce su cire.

Kuɗin sayen saba ana samu, don ana ɗaukar hoto da ita. Albashin wanda zai riƙa duba ma'aunin kowace safiya, ya ƙara wuri tun bai kai kashi 90 ba, shi ne ban taɓa jin an yi alƙawarinsa a rediyo ba.