Kyamarar gida da ake kallo ta waya: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Aikina ke nan, kafa kyamara da jan wayar wuta, a unguwannin Akra, babban birnin Ghana, daga Nima da Mamobi har Sabon Zango da Madina. Tambayoyin kuwa ba sa canzawa. 'Yan boga, wato 'yan uwanmu mazauna ƙasar waje, na Jamus da na Bronx su turo saƙon murya na minti bakwai, Hajiya mai shago ta tare ni a bakin lungu, duk maganar guda ce. Baki ya gaji, shi ya sa na rubuta. Wanda ya sake tambayata abin da ke nan, wannan zan tura masa.

Tambaya: Masta, na saya, na jona, ga ƙofar gidana ina gani a waya. An gama ko?

Amsa: Ba a gama ba. Ka canza kalmar sirri? Da wannan na fara domin shi ya fi ɓata mini rai. Sai in shiga gida in tarar da kyamara tana kallon tsakar falo, kalmar sirrinta kuwa 123456, ko wadda ta zo da ita a kwali, ko lambar wayar mai gidan da duk unguwa ta haddace. Haba! Ka sayi kwado ka bar makulli a jikinsa? A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin Wi-Fi a faɗin duniya, kuma dabararta duka ita ce gwada kalmomin sirri kamar sittin da masana'antu ke sakawa tun daga can. Sa doguwa, haruffa da lambobi, wadda ba ita kake amfani da ita a Facebook ba. In manhajar tana turo lambar tabbatarwa kafin a shiga, kunna wannan. Wanda ya kafa maka kuma, ko ni ne, yana saukowa daga tsani ka canza ta. In kana so ƙaninka ya riƙa gani, ba shi izini ta nasa asusun, kada ka miƙa masa naka.

Tambaya: An ce wayales ce, me ya sa kake jan kebul?

Amsa: Hoton ne ke tafiya ta iska. Wuta dole ta sha ta kebul, sai dai mai batir ko mai sola.

Tambaya: In an ɗauke wuta fa?

Amsa: Ta mutu. Duk wanda ya zauna a Akra lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta na 2015, bai kamata ya yi wannan tambaya ba. Abu biyu ke mutuwa tare, kyamara da rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, amma sai mutum ya saya wa kyamara batir ya manta da rauta, sannan ya kira ni wai ba ya ganin komai. Nemi ƙaramin UPS, wato batirin da ke karɓa in an ɗauke wuta, mai bakin volt 12 na rauta da bakin volt 5 na kyamara. Fawabank mai mAh 10,000 zai iya riƙe ƙaramar kyamara ita kaɗai kamar awa shida, sai dai da yawa daga cikinsu suna yanke wuta a daidai lokacin da aka zare su daga caji. Gwada da hannunka: zare soket, ka duba waya ko hoton na nan. Kuma ka tabbata akwai mai sa kuɗi a mita. Na taɓa hawa trotro, motar haya, har Ashaiman don duba kyamarar da aka ce ta lalace, ashe kuɗin mita ne ya ƙare tun kwana huɗu.

Tambaya: Ba mu da Wi-Fi a gida.

Amsa: Sayi rauta ko MiFi, ƙaramar rauta ta hannu, mai cin sim, ko kyamarar 4G da ake sa wa sim a jikinta. MTN, Telecel ko AT, ɗauki wanda sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a jikin bangon da za a kafa. Kada ka jona ta da hotspot na wayar uwargida. Tana fita kasuwa kyamarar ta makance, kuma lokacin ne gidan ba kowa.

Tambaya: Ta ƙi haɗuwa da Wi-Fi ɗina, jabu aka sayar mini?

Amsa: Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa lafiyarta lau. Yawancin ƙananan kyamarorin nan 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin 5 GHz. Koma 2.4 a saitin rautarka. In ta ƙi, matso da rauta. Bangon bulo biyu da kwanon rufi sun isa su kashe sabis.

Tambaya: Data nawa take ci?

Amsa: Ya danganta da yawan leƙenka. Hoto mai gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Bar shi a buɗe dare da rana, giga 11 ke nan kusan a kwana, sama da giga 300 a wata. Wa zai iya? Saboda haka sa katin memori ta riƙa naɗa a cikinsa, wannan ba ya cin data. Kati mai giga 64 zai ɗauki kwana biyar zuwa shida a wannan gudun kafin ta fara goge na baya, fiye da haka in motsi kaɗai take naɗa. Kai kuma leƙa minti biyu ka fita, ka rage kaifin hoton in ba fuska kake nema ba. Katin ka saya a shagon da zai ba ka rasit, domin akwai masu rubutun 128 a jiki alhali cikinsu bai kai giga 8 ba.

Tambaya: Masta, ina Bronx. Gidanmu na Nima na gado ne, Mma tana ɗakin gaba, sauran ɗakunan 'yan haya ne da dangi. An yi sata sau biyu. Ina so in sa kyamara a tsakar gida in riƙa ganin Mma da masu shige da fice. A ina zan kafa?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan ba zan yi gaggawa ba, kai ma kada ka yi. Niyyarka mai kyau ce, Allah ya saka da alheri, amma wannan ita ce tambayar da ta fi haɗa faɗa a gidajen zango, kuma amsarta ta danganta da abubuwan da sai na tsaya a cikin gidan zan gani.

Tsakar gidan haya ai ba taka ba ce kai kaɗai. Nan mata suke wanki da girki ba mayafi, nan ake yi wa yara wanka a baho, nan mace ke fitowa daga bayi da ɗaurin ƙirji da bokiti a hannu. Wani bayin ma ba rufi gare shi ba, kyamarar da ke sama tana hango cikinsa. Akwai wani gida a Mamobi da aka kira ni in gyara wadda wani ya kafa. Na hau tsani, na buɗe hoton a waya, sai ga ƙofar bayi a tsakiyar allon, ga takalman roba a bakinta. Wata dattijuwa ta daina ɗaurayar kwanukan koko ta ɗago kai ta ce, "Yaro, wata uku ke nan sai bayan isha nake wanka saboda abin nan." Wanda ya aiko da kuɗin kafawar bai taɓa sanin haka ba, shi dai ƙofar mahaifiyarsa yake son gani. Ranar na kwance ta na mayar zaure.

Allah ya hana bin diddigin sirrin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma a Suratun Nur, aya ta 27, ya ce kada a shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. Ɗakin da ka karɓi kuɗin hayarsa gidan mai hayar ne. Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 18 na tsarin mulkin Ghana na 1992 ya kare sirrin gida da na zance, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2012, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta yanke cewa naɗar hirar waya a ɓoye, ba da sanin mutum ba, keta wannan haƙƙi ne. Na kawo wannan ne domin kusan duk kyamarorin nan suna da makirfo, kuma a kunne yake zuwa. Hirar mata a bakin murhu, rigimar miji da mata, duk za su iso kunnenka a Amurka. In ko hoton tsiraicin wani ya fita daga wayarka ya shiga WhatsApp, dokar tsaron intanet ta 2020 ta tanadi ɗauri.

Abin da na fi yi a irin gidan nan shi ne in kafa ɗaya a zaure tana kallon ƙofar shigowa, yadda duk mai shiga ko fita sai ya ba ta fuska. Wadda ba ta juyawa nake so, domin mai juyawa yau tana kallon ƙofa, gobe yatsa ya juya ta wani wajen. In kashe makirfo. In manhajar tana da damar rufe wani ɓangaren hoto da baƙi, in rufe duk tagar da ta shigo. Amma ko wannan ba kullum yake yi ba. Lungun Nima wani mutum biyu ba sa iya jerawa, in ta kalli waje tagar maƙwabci za ta gani. In na kai ta sama sosai hular ɓarawo kaɗai za ka samu, in na sauko da ita a cire ta da katinta a tafi. Tsakanin mita biyu da rabi zuwa uku nake nema, shi ma sai yadda rufin ya ba da dama. Kuma in mai satar ɗan gida ne, ta zaure ba za ta nuna maka komai ba sai mutumin da kullum yake wucewa.

Ƙofar Mma kuwa, tambaye ta tukuna. Wata tsohuwar tana jin daɗi, har ta riƙa ɗaga wa kyamara hannu da safe. Wata kuma gani take an sa mata mai gadi a kai, kunyar ɗanta ce kawai ta hana ta faɗa. In ta yarda, a matse hoton ya tsaya a ƙofarta da barandarta. Cikin ɗaki ba na sawa sai in jinya ake yi, da yardarta da ta mai jinyar.

Tun da gidan gado ne, sauran magada su sani kafin a huda bango. A tara 'yan haya a nuna musu a waya ga iyakar abin da take gani, a gaya musu su wa ke da izinin kallo. Zai fi kyau wani babba da ke zaune a gidan ya kasance cikinsu. In an ƙi yarda, kada ka matsa. Akwai gidan da na ce a bar maganar kyamara a tsakar gida, a sa ƙofar ƙarfe da fitila mai haske a zaure, kuma har yau ina ganin shawarar ta yi daidai da gidan.

Tambaya: Ina so in sa wadda matata ba za ta sani ba.

Amsa: Ba na kafa irin wannan. Je ka ga magabata ku zauna.

Tambaya: In na ga ɓarawo ina ƙasar waje, me zan yi?

Amsa: Yau ake shirya wannan, ba daren da abin ya faru ba. Kyamara ba ta kama kowa, gani kawai take yi. Ƙarfe biyun dare a Akra ƙarfe tara ne ko goma na dare a New York, uku ko huɗu na asuba a Hamburg, wato ko kana bakin aiki ko kana barci. Sami mutum biyu a unguwa da za su ɗauki kiranka a kowane lokaci, ka ba su lambobin 'yan sanda, 191 da 18555 da 112. Kada ka tura yaro shi kaɗai ya je ya duba. Saita agogon kyamarar a lokacin Ghana, ba na inda kake ba, don kada bidiyon ya nuna wata sa'a daban a ofishin 'yan sanda. Sauke shi a ranar, kafin kati ya goge. Kuma don Allah kada ka watsa fuskar mutum a guruf ɗin unguwa kana cewa ga ɓarawo. Hoton dare yana kama da kowa, kun kuma san abin da taron matasa ke yi wa wanda aka yi wa ihu. In wani ne ya kutsa cikin kyamararka ko yake maka barazana da hoto, hukumar tsaron intanet ta ƙasa tana amsa 292.

Tambaya: Hoton da rana tangaran, da dare fari fat.

Amsa: Ka ajiye ta a bayan gilashin taga, hasken infrared ɗinta, wanda take gani da shi da dare, yana dawo mata. Fitar da ita waje, amma mai IP65 ko IP66 a kwali, wadda ke jure ruwa da ƙura. In tana waje kuma, yanar gizo-gizo ce ko ƙurar hunturu. Tsumma mai laushi, sau ɗaya a mako daga Disamba zuwa Fabrairu.

Tambaya: Wacce zan saya, kuma nawa?

Amsa: Farashi ba na rubutawa, sidi da dala ba sa zama wuri guda. Zagaya Tip Toe Lane a Sakul ko Zongo Lane ka tambayi shago uku. Ɗauki mai sunan kamfani da manhajar da ake sabuntawa, irin su Tapo, Ezviz ko Imou, kuma 1080p ta ishi ƙofar gida. Wadda ba suna ko kaɗan a kwalinta, bar musu.

Tambaya: Abokina ya ba ni tsohuwar tasa.

Amsa: Ya cire ta daga asusunsa tukuna, a gabanka. Danna maɓallin risat bai isa ba a da yawa daga cikinsu, tana nan ɗaure da sunansa har sai shi ya sake ta. Sannan ka sa sabon kati, ka koma tambaya ta farko.