Tsarin Shari'ar Ƙararrakin da Ba na Laifi Ba a Kotunan Tarayyar Amurka

Tsarin shari'ar ƙararrakin da ba na laifi ba shi ne jerin ƙa'idojin da ke nuna yadda mutum, kamfani ko hukuma za su nemi haƙƙinsu a gaban alƙalin tarayya a Amurka, tun daga shigar da ƙara har zuwa yanke hukunci. Ya shafi rigingimu irin su bashi, saɓa yarjejeniya, jin rauni, satar fasaha da nuna wariya a wurin aiki. Mai ƙara ba ɗaurin kowa yake nema ba, diyya yake nema, ko umarnin kotu na a yi wani abu ko a daina. Ƙa'idojin da ake bi yanzu sun fara aiki ranar 16 ga Satumba, 1938, kuma da su ake shari'a a kotunan gunduma 94 na tarayya. Ƙa'ida ta farko ta ce manufarsu ita ce a raba gardama cikin adalci, da sauri, ba tare da tsada ba.

Tarihi

Dokar Shari'a ta 1789 ce ta kafa ƙananan kotunan tarayya, amma ba ta ba su tsarin aiki nasu na kansu ba. Amurka ta gaji hanyoyin shari'a biyu daga Ingila. Akwai ta dokar gargajiya, wadda ake neman kuɗin diyya da ita, akwai kuma ta adalci, wadda alƙali ke ba da umarni shi kaɗai. Kowace da kalmominta da takardunta, kuma wanda ya shigo ta ƙofar da ba ita ba yana iya faɗuwa shari'a ko da shi ke da gaskiya. A 1848 jihar New York ta karɓi kundin da lauya David Dudley Field ya jagoranci tsarawa, wanda ya haɗe hanyoyin biyu, jihohi da dama kuma suka bi sahu.

Kotunan tarayya kuwa suka ci gaba da zama a rarrabe. Wata doka ta 1872 ta umarce su da su bi tsarin jihar da suke zaune a cikinta a ƙararrakin diyya, yayin da ɓangaren adalci ke da nasa ƙa'idojin da Kotun Ƙoli ta fitar a 1822, ta sabunta a 1842 da 1912. Lauyan da ya ƙware a kotun tarayya ta wata jiha, in ya tsallaka iyaka sai ya koma ɗan koyo. An shafe shekaru fiye da ashirin ana kai ruwa rana a majalisa kafin a zartar da dokar 1934 da ta ba Kotun Ƙoli ikon tsara ƙa'idoji na bai-ɗaya. Charles E. Clark, shugaban tsangayar koyon aikin lauya ta Jami'ar Yale a lokacin, shi ne babban marubucin kwamitin da ya tsara ƙa'idojin. Ƙa'ida ta biyu, mai jimla ɗaya tak, ita ce ta rushe tsohon bambancin, inda ta ce nau'in ƙara ɗaya ne.

A wannan shekara ta 1938 aka yi wani juyin. Wani mutum mai suna Harry Tompkins yana tafiya da dare a gefen layin dogo a Hughestown ta jihar Pennsylvania a watan Yulin 1934, sai wani abu da ya leƙo daga jirgin kaya, wanda ya ce ƙofa ce a buɗe, ya buge shi, ya rasa hannunsa na dama. A dokar Pennsylvania ana ɗaukarsa mai kutse, da wuya ya samu ko sisi. Lauyoyinsa suka kai ƙarar kamfanin jirgin ƙasa na Erie kotun tarayya a New York, inda alƙalai tun 1842 suke da damar bin fahimtarsu ta dokar gargajiya, aka yanke masa diyyar dala 30,000. A watan Afrilun 1938 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Louis Brandeis, ta soke hukuncin, ta ce a irin wannan ƙara dole kotun tarayya ta bi dokar jiha. Tompkins ya tashi a tutar babu. Cikin 'yan watanni abin ya kife: kotunan da a da suke aron tsari daga jihohi suna bin dokar kansu, suka koma bin tsarin kansu suna aron doka.

Hurumi

Ba kowace ƙara kotun tarayya ke saurara ba. Mafi yawan shari'o'i a Amurka a kotunan jihohi ake yin su. Manyan ƙofofin shiga biyu ne. Ta farko, idan ƙarar ta taso daga kundin tsarin mulki, dokar tarayya ko yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Ta biyu, idan masu jayayyar 'yan jihohi daban-daban ne kuma abin da ake taƙaddama a kai ya haura dala 75,000 (a 1789 dala 500 ne). Tun 1806 aka tsayar da cewa kada a samu mai ƙara ko ɗaya da ya haɗa jiha da wani daga cikin waɗanda ake ƙara. Kamfani ana lissafa shi ɗan jihar da aka yi masa rajista da kuma jihar da hedikwatarsa take. Wanda aka kai ƙara kotun jiha yana da kwana 30 ya nemi a mayar da ita ta tarayya, in ta cika sharuɗɗan.

Akwai kuma hurumin kotu a kan shi wanda ake ƙarar. A da sai an miƙa masa sammaci a cikin jihar ko an riƙe dukiyarsa da ke can. Hukuncin 1945 a shari'ar kamfanin takalma na International Shoe da jihar Washington ya sassauta, aka ce ya isa a nuna yana da wata alaƙa ta mu'amala da jihar.

Ko da hurumin ya tabbata, alƙali na iya cewa wata ƙasa ta fi dacewa da sauraron ƙarar. Hakan ya faru da iyalan yaran Kano da suka kai ƙarar kamfanin Pfizer a New York a 2001, kan gwajin maganin Trovan lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Sun yi zargin ba a nemi yardar iyaye ba, kamfanin ya musanta. Kotun gunduma ta kori ƙarar, tana cewa a Najeriya ya kamata a yi ta. Kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da ita a Janairun 2009, daga baya aka sasanta.

Shigar da ƙara

Shari'a na farawa ne da ajiye takardar koke a ofishin magatakardan kotu. Mai ƙara yana da kwana 90 ya isar da sammaci, wanda ake ƙara kuma kwana 21 ya amsa, ko 60 in gwamnatin tarayya ce. Maimakon amsa, yana iya roƙon a yi watsi da ƙarar don babu hurumi, ko don ko da duk abin da aka faɗa gaskiya ne doka ba ta ba da haƙƙi a kai ba. Clark ya so koke ya zama gajeren bayani a fili. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli a shari'ar Twombly ta 2007 da ta Iqbal ta 2009 sun ƙara sharaɗin cewa bayanan su nuna zargin yana da kamar gaskiya. Masana sun rabu kan ko wannan tace ƙararrakin banza ne ko toshe ƙofa ga mai ƙaramin ƙarfi.

Musayar hujjoji

Nan ne nauyin shari'ar yake, nan kuma kuɗi ke ƙarewa. Kafin 1938 kowane ɓangare yakan ɓoye makamansa sai ranar zama. Yanzu dole kowa ya buɗe wa abokin shari'arsa takardu da sunayen shaidu. Ana zaunar da shaida a ofishin lauya, ba alƙali a wurin, a rantsar da shi, mai ɗaukar bayani yana rubuta duk kalmar da ta fito daga bakinsa. Ƙa'ida ta ba kowane ɓangare shaidu 10, kowanne yini ɗaya na awa 7, da rubutattun tambayoyi 25, sai in alƙali ya ƙara. Sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa ba ya shiga, haka ma bayanan da lauya ya tattara don shirin shari'a, bisa wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1947. Gyaran 2006 ya shigo da saƙonnin imel da bayanan kwamfuta, na 2015 kuma ya ce binciken ya yi daidai da girman ƙarar. Bayan an gama, in babu saɓani na gaske kan abin da ya faru, alƙali na iya yanke hukunci ba tare da zama ba.

Zaman shari'a da ɗaukaka ƙara

Kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa zaman sauraron shaidu. Galibi sulhu ake yi ko a kore su tun a hanya. Gyara na bakwai ga kundin tsarin mulki ya ba da damar neman masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, mutum 6 zuwa 12, kuma sai bakinsu ya zo ɗaya in ba ɓangarorin sun amince da akasin haka ba. Mai ƙara rinjayen hujja kawai ake buƙata daga gare shi, ba tabbacin da ake nema a shari'ar laifi ba.

Wanda bai gamsu ba yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara zuwa ɗaya daga kotunan ɗaukaka ƙara 13. Kotun Ƙoli ita ke zaɓar ƙararrakin da za ta saurara, kuma mafi yawan buƙatun ƙin su take yi.